Kallon Wahalar Wani

A ƙasar Ingila akwai wani babban gidan sarauta da a ke kira Chatsworth. Cikin dukiyar gidan akwai wata 'yar takarda wadda ta shekara fiye da 400. A kanta an zana wani yaro da jan alli. Yaron ba shi da riga, yana da doro, bayansa ya tanƙware, ya kuwa juyo da kansa yana duban wanda ya ke zana shi. Mai zanen shi ne Annibale Carracci, mutumin Bolonya ta ƙasar Italiya, wanda aka haifa a 1560, ya rasu a 1609. A gefen takardar an rubuta 'yan kalmomi da harshen Italiya, ma'anarsu kuwa ita ce, mai maganar bai sani ba ko Allah yana taimakonsa. Ba a rubuta sunan yaron ba.

Yaron nan ya koma ƙasa tun da daɗewa. Takardar kuwa tana nan, ana tsaronta daga rana da danshi da ɓarayi, masana suna tahowa daga nesa domin su dube ta. Wannan ne ya sa mu ke so mu yi tunani tare da masu karatu a wannan wata a kan wata tambaya mai nauyi. Daidai ne mutum ya ɗauki wahalar ɗan'uwansa ya sa a takarda domin waɗansu su yi kallo? Mu kuma da mu ke kallon, alheri mu ke yi, ko kuwa ƙara wa mai wahala wulakanci mu ke yi? Kada wani ya ce wannan zancen Turawan dā ne kawai. Yanzu da kowa ya ke yawo da abin ɗaukar hoto a cikin wayarsa, tambayar ta iso ƙofar kowace ikilisiya.

Zamanin da masu zanensa

Masana suna kiran zamanin da mu ke magana a kai Barok, watau daga wajen 1600 zuwa wajen 1750 a ƙasashen Turai. Masu fenti na lokacin suna cin abinci ne daga hannun sarakuna, da manyan ikilisiyar Roma, da attajirai. Abin da waɗannan su ke biya a yi musu shi ne manyan hotuna: labarun Littafi Mai Tsarki, da yaƙe-yaƙe, da fuskokinsu su kansu cikin tufafi masu tsada. Amma kafin mai fenti ya taɓa bango ko allo, sai ya ɗauki takarda ya gwada hannunsa da jan alli, ko baƙin alli, ko alƙalami da tawada. Takarda ba ta kai fenti tsada ba, ba kuma wanda ya ke tsaye a kan mai zane yana cewa a gyara masa hanci. Domin haka a cikin takardun nan ne mu ke samun abin da idon mai zane ya gani a titi da kasuwa da gona sa'ad da ba wanda ya aike shi.

Akwai kuma wata dabara ta yawaita zane. A kan shafa wa farantin jan ƙarfe wani abu mai kama da kaki, a ɗauki allura a yi zane a kai, sa'an nan a tsoma farantin cikin ruwa mai cin ƙarfe. Ruwan ba ya cin ko'ina sai inda allura ta bi. In aka wanke farantin, aka cusa tawada cikin layukan, aka danna takarda a kai da injin matsi, sai zanen ya fito. Faranti ɗaya ya kan ba da takardu masu yawa, kuma da araha. Ta haka hoton mabaraci ɗaya ya kan shiga gidaje da yawa cikin ƙasashe dabam dabam.

Ɗan tela bai manta da gida ba

Carracci ɗan tela ne, cikin danginsa kuma akwai mahauci. Tun yana saurayi ya yi babban hoto na mahauta suna aiki a rumfarsu, ɗaya yana auna nama, ɗaya ya durƙusa zai yanka rago. Masu rubuta tarihinsa sun ba da labari cewa wansa Agostino ya cika son zama da manya da yin magana irin tasu. Ran nan sai Annibale ya zana ubansu yana ƙoƙarin zura zare a allura, ya aika masa, domin ya tuna gidan da ya fito.

Mutumin nan ya bi titunan Bolonya yana zana masu neman abinci ɗaya ɗaya: ɗan dako, da mai sayar da ruwa, da mai wasa wuƙa, da mai gyaran takalma, da mai sharar bututun hayaƙi, da mai tallan burodi. Bayan rasuwarsa wani Bafaranshe mai suna Simon Guillain ya sake zana su a jan ƙarfe, aka buga su a Roma a 1646, hotuna 80. Kowane ma'aikaci yana tsaye a shafinsa, daga kai har ƙafa, kamar yadda aka saba zana sarki ko manzo. Hausawa sun ce jiki magayi. A cikin hotunan nan jiki ne ya ke faɗin sana'a: yadda wuya ya ke tanƙwarewa ƙarƙashin kaya, yadda kafaɗa ɗaya ta ke sauka, yadda mai ɗauke da nauyi ya ke buɗe ƙafafunsa domin kada ya faɗi. Ba mai iya zana wannan sai wanda ya tsaya ya dubi ɗan dako da kyau, ya ba shi lokacinsa, alhali sauran jama'a suna wucewa.

Mai bi ba zai rasa gane abu biyu a nan ba. Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana Allah ya ba mutum aikin noma da tsaron gona tun kafin zunubi ya shigo, saboda haka aiki ba la'ana ba ne. Sura ta 3 kuma ta nuna ƙaya da gumi sun shigo cikin aikin daga baya. Zane na gaskiya ya kan riƙe duka biyu, darajar mai aiki da zafin aikin. Wanda ya zana manomi yana ta murmushi kamar fartanya ba ta da nauyi ya yi ƙarya, haka kuma wanda ya zana shi kamar dabbar noma. Mu tuna fa, mutanen Nazarat sun san Ubangijinmu a kan masassaƙi ne (Markus 6:3), kuma yana da shekara wajen 30 kafin ya soma wa'azi. Hannuwan da aka kafa wa ƙusa hannuwan ma'aikaci ne.

Shaida da abin dariya

To, amma ba kowane hoton talaka ne ya ke fitowa daga zuciyar alheri ba, ba kuma kowane mai saye ne ya ke saye domin tausayi ba. A nan sai mu ƙetare duwatsu zuwa birnin Nancy, a ƙasar Lorraine wadda yanzu ta ke cikin Faransa, wurin Jacques Callot, wanda ya rayu daga 1592 zuwa 1635. Wajen 1622 ya buga hotunan mabarata guda 25. Ga makaho da karensa, ga gurgu da sanduna biyu, ga tsohuwa da ƙoƙon bara, kowa cikin tsummoki. Idonsa bai bar kome ba. Amma a shafin farko ya zana wani dogon mabaraci riƙe da tuta, a kan tutar an kira shi shugaban 'yan damfara. Mutanen zamanin da yawa sun ɗauka yawancin mabarata mayaudara ne, mai sayen hotunan kuwa yana iya buɗe su bayan ya ƙoshi, ya yi dariya, ya rufe.

Wani mai fenti na Italiya, Salvator Rosa, wanda ya rayu daga 1615 zuwa 1673, ya ga wannan hali a Roma, inda manya su ke rububin sayen ƙananan hotunan masu tsumma da 'yan titi. Ya rubuta musu zambo, yana zarginsu da cewa suna zuba kuɗi a kan mabaracin fenti, na gaske kuwa in ya zo ƙofarsu ko anini ba ya samu. Shi Rosa yana da nasa dalili, gama yana ganin irin hotunan nan suna rage darajar sana'arsa. Duk da haka maganar ta sami wurin zama, har yau ba ta tashi ba.

Amma Callot ɗin nan ne kuma ya bar wa duniya shaidar da ba ta mantuwa. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi yaƙin shekara 30 a Turai, inda masu kiran sunan Kristi suka yi ta karkashe juna. A 1633, shekarar da rundunar Faransa ta kama birninsa, ya buga hotuna 18 a kan masifun yaƙi. Kowanne wajen inci 3 ne a tsaye da inci 7 a kwance. A ciki an ga sojoji suna washe gidan gona, suna ƙone ƙauye, suna azabtar da mai gida domin ya nuna inda ya ɓoye kuɗi. An ga wani babban itace da mutane wajen ashirin rataye a rassansa. An ga sojojin nan daga baya sun zama guragu suna bara, waɗansu suna mutuwa a bakin hanya, manoma kuma sun tare waɗansu da kayan noma suna ramawa. A hoto na ƙarshe sarki yana zaune yana raba lada ga manyan yaƙi. Da a ce ba irin wannan shaida, da labarin sarki kaɗai za mu ji. Gani ya kori ji. Saboda haka ba za mu iya cewa zana wahala laifi ne a kan kansa ba, gama wani lokaci rufe ido shi ne laifin.

Wanda ya tsaya nesa

Akwai wata hanya ta ɓoye wahala alhali ana nuna ta, wannan kuwa ta taɓa mu mutanen Afirka ta Yamma. A 1637 wani saurayi mai zane daga ƙasar Holan, Frans Post, ya sauka a Birazil tare da gwamna Johan Maurits, gama a lokacin mutanen Holan sun ƙwace wani yanki na ƙasar daga hannun mutanen Fotugal. Dukiyar wurin rake ce, masu aikin rake kuwa bayi ne daga Afirka. A shekarar nan ta 1637 gwamnan ya aika da jiragen yaƙi daga Birazil suka ƙwace ganuwar Elmina, a bakin tekun ƙasar Gana ta yau, domin hanyar samun bayi ta kasance a hannunsu.

Post ya zana wuraren matsar rake. Bayan ya koma gida a 1644 ya yi shekaru yana yin hotunan Birazil yana sayarwa. Hotunan suna da kyau ƙwarai: sararin sama mai faɗi, da kogi, da itatuwan dabino da na gwanda, da gidan mai gona a kan tudu. Bayin suna ciki, amma ƙanana ne, can nesa, kamar tururuwa a bakin rami. Ba ka ganin fuskar kowa sosai. Ba ka ganin cewa lokacin girbi injin ba ya tsayawa dare da rana, ko cewa ya kan kama hannun wanda barci ya sace yana cusa rake, ko zafin tukwanen da a ke dafa ruwan. Ba sai mai zane ya ƙaga ƙarya ba. Ya isa ya ja da baya har inda kuka ba ya kaiwa. Attajirin Holan yana iya rataye hoton a ɗakin cin abincinsa, ya zuba sukari a abin shansa, zuciyarsa a kwance.

Mu lura da wannan da kyau, gama zunubi ne mai sauƙin yi. Daga nesa gonar da a ke zaluntar 'yan ƙodago a cikinta kore ce shar kamar kowace gona. Yaƙub 5:4 ya faɗa wa masu dukiya cewa hakkin masu girbi da suka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Allah ba ya tsayawa a kan tudu tare da mai gona yana sha'awar faɗin fili.

Wanda ya sa kansa a ciki

Yanzu mu dubi waɗansu mutane biyu da suka zana aiki iri ɗaya, watau ɗaga gicciyen Ubangijinmu. A 1610 zuwa 1611 Peter Paul Rubens ya yi wani ƙaton hoto a birnin Antwerp, yana can har yanzu a babbar majami'ar birnin. Kafin ya soma, ya sa mutane suka tsaya a gabansa, ya zana su da baƙin alli suna turawa, suna ja, suna tokarewa, jijiyoyin bayansu a tashe. A cikin hoton ƙarfafan nan suna fama da nauyin itace kamar yadda leburori su ke fama da kowane gungume. Wannan ya koya mana wani abu da ba mu cika tunawa ba: gicciye Yesu aiki ne da aka ba waɗansu, suka yi shi da gumi. Ƙarfin jiki kyauta ce daga Allah, amma ana iya yin hayarsa domin mugunta. Ba za mu ce kowane aiki mai tsarki ne domin kawai yana da wuya ba.

Wajen 1633 Rembrandt, mutumin Holan, ɗan mai injin niƙa na birnin Leiden, ya yi nasa hoton ɗaga gicciye. A gindin gicciyen, cikin masu ɗagawa, akwai wani mutum da hular masu fenti. Fuskar Rembrandt ce. Bai sa kansa cikin masu kuka ba, cikin masu aikin ya sa kansa. Tun kafin wannan, a 1630, yana da shekara 24, ya yi ta zana mabarata a jan ƙarfe, bayan ya ga na Callot. Ɗaya daga cikinsu yana zaune a bakin hanya cikin tsumma, hannunsa a buɗe, bakinsa a buɗe, masana kuwa sun daɗe da gane cewa fuskar mai zanen ce ya ba shi. Saurayi ne da sunansa ya soma fita, amma ya dubi mabaraci ya ga abin da shi ma zai iya zama. Haka kuwa ya kusa faruwa, gama a 1656 bashi ya karya shi, aka sayar da kayansa, da ya rasu a 1669 aka binne shi a kabarin haya wanda ba dutse a kansa.

A 1648, shekarar da yaƙin nan ya ƙare, ya zana wani iyali a ƙofar gida: tsoho makaho, da mace da goyo a baya, da yaro. Mai gida ya leƙo yana sa kuɗi a hannun matar. Ba abin dariya a ciki, ba kuma abin ƙyama. Hannu biyun nan suna tsakiyar takarda, idon mai kallo ba shi da wurin zuwa sai can. Ya kamata mu san cewa a birnin Amsterdam inda ya ke zaune, tun 1596 akwai gidan horo inda a ke kulle mabarata da 'yan yawo, a sa su goge itacen rini mai tauri da a ke kawowa daga Birazil har ya zama gari. Mutanen da hukuma ta ke kwashewa daga titi, su ne ya zana kamar dangi.

Ga bambancin fa. Mutum yana iya duban mai wahala daga sama, kamar mai sayen hoton mabaraci domin nishaɗi. Yana iya dubansa daga nesa, kamar Post. Yana kuma iya matsowa har ya gane cewa shi da wanda ya ke duba jini ɗaya ne, masu zunubi ɗaya, masu bukatar jinƙai ɗaya. Na farko da na biyu kallo ne. Na ukun shi mu ke kira gani.

Gani ma bai isa ba

Da mun tsaya a nan da mun yi wa masu karatu rowar gaskiya. Wani zai ce, to, hoton Rembrandt ya ciyar da wa? Tambayar daidai ce, amsarta kuma tana da ɗaci. Bayan matarsa Saskia ta rasu a 1642, wata gwauruwa mai suna Geertje Dircx ta yi renon ɗansa, ta zauna da shi kamar mata ba tare da aure ba. Da zuciyarsa ta koma wurin wata, Geertje ta kai ƙara a 1649 cewa ya yi mata alkawarin aure. Aka yanke masa ya riƙa biyanta kuɗi kowace shekara. A 1650 ya sa hannu aka kulle ta a gidan horon mata na birnin Gouda, ta yi shekara biyar a ciki kafin ta fita. Mutumin da ya ga mabaratan titi da idon tausayi, shi ne ya yi wa matar da ta yi masa hidima a cikin gidansa haka.

Ba mu faɗi wannan domin mu jefi matacce ba. Mun faɗa domin mu ji tsoron kanmu. Ashe mutum yana iya samun ido mai gani, hannu mai gwaninta, har zuciya mai motsuwa, duk da haka ya zalunci wanda ya fi kusa da shi. Tausayin mutumin da ke kan takarda ba shi da tsada, gama ba zai biyo ka gida ba, ba zai kai ka ƙara ba, ba zai roƙe ka gobe ba. A cikin misalin Basamariye (Luka 10) an ce firist ya ga mutumin da aka yi wa rauni, Balawi ma ya gan shi. Ba makafi ba ne. Basamariyen ya bambanta da su domin ya matso, ya ɗaure raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya buɗe jakarsa. Mai arzikin nan na Luka 16 kuma ya san Li'azaru har da sunansa, yana wuce shi a ƙofa kullum.

Ganin Allah ba haka ya ke ba. A Fitowa sura 3, sa'ad da Allah ya gaya wa Musa ya ga wahalar jama'arsa a Masar, nan take ya gaya masa ya sauko domin ya cece su, ya kuma aike shi. Hajaratu baiwa, da ta gudu cikin jeji, ta ba Allah suna a kan cewa yana ganinta (Farawa 16). A wurin Allah gani da saukowa ba su rabuwa. Iyakar wannan saukowa ita ce Yesu Kristi, wanda ya ɗauki jiki mai gajiya da yunwa, ya ɗauki itace a kafaɗarsa, har aka tilasta wa wani mutumin Afirka, Siman na Kurane, ya taya shi ɗauka (Markus 15:21).

Mu fa?

To, ga amsarmu ga tambayar da muka soma da ita. Nuna wahalar wani ba laifi ba ne, in mai nunawa ya tsaya kusa, ya faɗi gaskiya, ya bar wa mutumin mutuncinsa. Kallon ta ma ba laifi ba ne, amma bashi ne. Wanda ya gani ya riga ya ci bashin, ba ya iya komawa kamar wanda bai gani ba.

Bari mu auna kanmu da wannan. Yau in ikilisiya ta kai hatsi wurin gwauraye, ko tufafi wurin marayu, ko taimako wurin waɗanda rikici ya kora daga gidajensu, sau da yawa kafin buhu ya taɓa ƙasa an riga an ɗaga waya. Akwai dalili mai kyau wani lokaci, gama waɗanda suka ba da kuɗi suna da hakkin sanin inda ya tafi, kuma akwai wahalar da in ba a nuna ba, ba wanda zai yarda tana nan. Amma mu tambayi kanmu tukuna. Mun roƙi iznin matar nan? Mun san sunanta? Da uwarmu ce, za mu yarda a nuna ta haka, tana durƙushe, mu muna tsaye? Wa hoton ya ke ɗaukakawa? Ubangiji ya gargaɗe mu a Matta sura 6 a kan yin sadaka domin idon mutane. In hoton ya fi buhun amfani a gare mu, mun zama 'yan'uwan attajiran da Rosa ya yi wa zambo.

Mu auna kanmu kuma da na kusa, kada mu faɗa ramin da Rembrandt ya faɗa. Yarinyar da ta ke aiki a gidanmu, ƙarfe nawa ta ke kwanciya? Leburan da suka kwaɓa ƙasa suka ɗauki bulo sa'ad da mu ke gina majami'a, an biya su kafin rana ta faɗi, kamar yadda Kubawar Shari'a 24:15 ta umarta, ko kuwa an ce su dawo mako mai zuwa? Ɗan dakon da ya ɗauko mana kaya daga kasuwa, mun dubi fuskarsa, ko kayan kawai muka ƙirga? Ran Lahadi, in mai tsumma da mai babbar riga suka shigo tare, ina mai tsaron ƙofa ya ke kai kowannensu? Yaƙub sura 2 ya riga ya yi mana wannan tambaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, mu kuwa mun bar idonmu ya koyi kimar kasuwa.

A Ayyukan Manzanni sura 3, gurgun nan na ƙofar haikali ya saba da mutane masu jefa masa kuɗi suna wucewa. Bitrus da Yohanna suka tsaya, suka zuba masa ido, suka ce shi ma ya dube su. Ba su da azurfa, amma Bitrus ya kama hannunsa na dama ya tashe shi. Ba dukanmu ne aka ba ikon warkarwa ba, amma tsayawa, da duba, da miƙa hannu, ba mai bin da aka hana.

Yaron nan mai doro har yanzu yana duban duk wanda ya buɗe takardarsa, maganar da ke gefensa kuma tana nan. Ba mu da abin da za mu iya yi masa yanzu. Amma a garinmu, watakila a unguwarmu, watakila ma a cikin gidanmu, akwai wanda ya kwanta daren jiya bai sani ba ko Allah yana taimakonsa. Allah ya saba aika amsarsa ta hannun mutane, kamar yadda ya aiki Musa. Ya 'yan'uwa, mu roƙe shi ya buɗe idanunmu mu gani, ya kuma hana mu hutawa har mun biya abin da muka gani.